Mutum biyu a kujerar mutum huɗu: wa zai biya kuɗin sauran biyun?

Tun ranar 10 ga Yunin 2020 da aka sassauta dokar kulle ta korona a jihar Kaduna na yi ta karanta rubuce-rubucen mutane suna caccakar direbobin bas da fasinjojinsu kan rashin ba da tazara a mota. Wannan ya ce jahilci ne, wancan ya ce taurin kai ne, wani ma cewa ya yi talakan Zariya ba ya ƙaunar ransa. In ka bincika, akasarin masu wannan magana ta gilashin motarsu suke hango bas ɗin. Ni ba ni da mota, bas ce abin hawana. Wata rana a daminar shekarar kusan a cikinta na wuni, daga birni zuwa Sabon Gari, daga can zuwa Samaru don in kai wa gwaggona maganin hawan jini, sannan na juyo gida bayan la'asar. Abin da na gani ya tsaya mini a rai, shi ya sa zan faɗi nawa.

Kada wani ya sa ni a sahun masu cewa babu korona. Akwai ta. Gwamnanmu na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, da kansa ya kamu a ƙarshen Maris. Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu sanadiyyarta a watan Afrilu, Allah Ya jiƙansa. Mace-macen da suka girgiza Kano kuwa, ministan lafiya na lokacin ya fito a watan Yuni ya ce cikin mutum 979 da aka bi diddigin rasuwarsu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama cutar ce sila. Kano ba nesa take da mu ba, da wuya ka sami gida a Zariya da ba shi da ɗan'uwa a can. Don haka da takunkumina na fita, kuma ban sauke shi ba sai da na shiga gida.

Dokar da aka kafa wa motocin haya a lokacin a sarari take: kada a wuce mutum biyu a layin kujera, kada mota ta ɗauki fiye da rabin abin da ta saba ɗauka, kowa ya rufe hanci da baki. Ta fuskar lafiya babu abin kushewa a ciki. Cutar ta numfashi take bi, kuma duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar bas ta Zariya ya san yadda ake zama, huɗu a layi, gwiwarka a bayan na gabanka, numfashin na kusa da kai a kuncinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a farkon Yuni ta ba da shawarar a riƙa sa takunkumi a motocin haya. Inda nake da magana shi ne, an faɗi yawan mutanen da za a rage, amma ba a faɗi wanda zai biya kuɗin kujerarsu ba.

Da safe a Ƙofar Doka na tarar ana bin doka sosai. Kwandasta na tsaye a bakin ƙofa, wani dattijo ya zo shiga, sai ya tare shi: “Baba, don Allah sa takunkuminka tukuna, kada ka ja mana kamu.” Dattijon ya laluba aljihu ya zaro wani ƙyalle da ya sha wanki ya ɗaura. Muka zauna bibbiyu, ga iska tana shiga, ga wurin miƙe ƙafa. Sai wata mata ta zo da ɗan ƙullin kaya a hannu, ta tambayi kuɗin Sabon Gari. Da ya faɗa mata sai ta yi turus.

“Haba ɗan nan, da ba haka muke biya ba.”

“Hajiya, wallahi ba daga ni ba ne. Kujerar mutum huɗu ce, ku biyu za ku zauna, ya zan yi?”

Ta kwance bakin zani ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta mayar ta ɗaure. Kafin wani cikinmu ya farga ya ce zai cika mata, mota ta tashi. Ta taga na hango ta ta kama hanyar Tudun Wada a ƙafa, ni kuma ga fili a gefena ba kowa. Wannan filin shi ake kira tazara, kuma a safiyar nan ita ce ta biya kuɗinsa da ƙafafunta. Ban san inda za ta ba, amma mace mai shekarunta ba ta fitowa da sassafe da ƙullin kaya don yawon shan iska.

A PZ da ke Sabon Gari na canja mota zuwa Samaru. Mun daɗe muna jiran lodi, na zauna a gaba, hira ta haɗa ni da direban. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, ba mai hayaniya ba. Na ce masa, “Malam, jama'a fa na kuka da ku kan kuɗin mota.” Bai yi fushi ba, lissafi kawai ya jero mini. Motar ba tasa ba ce, kullum yamma sai ya kai wa mai ita balas, kuma mai motar bai rage ko kwabo ba don an ce a ɗauki rabi. Man da mota za ta sha daga PZ zuwa Samaru ɗaya ne, ko a cike take ko rabi. Ga tikitin da ake yanka kullum kafin ka yi lodi, ga na 'yan kamasho, ga sallamar kwandasta, ga abin da ake miƙawa a hanya wanda kowa ya sani ba sai an faɗa ba. Taya da birki ba su san da korona ba. Sai abin da ya saura, in ya saura, shi ne cefanen gida. Ya ce, “Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

Gaskiya ne an rage kuɗin fetur a watan Maris daga naira 145 zuwa 125, amma ba a jima ba aka ajiye motocin, kowa na kulle a gida. Da aka buɗe gari suka fara fita, a farkon Yuli sai ga lita ta koma sama da naira 140. Sauƙin ya zo ya wuce, 'yan makonni kawai ya same su a kan titi.

Akwai kuma abin da wanda ba ɗan Zariya ba ba zai gane da sauri ba. Garin nan da ɗalibai yake numfashi. Hanyar Samaru, tun daga Kwangila, Hanwa, Palladan har Zango, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatanta ne ke cika motocinta. Haka Kongo, inda ɗaya harabar jami'ar take, haka wajen kwalejin Nuhu Bamalli. A lokacin kuwa, tun Maris makarantu a rufe suke, malaman jami'a kuma suna yajin aiki. Da na sauka a Samaru na ga shagunan hoto da na buga takardu a garƙame, masu abinci suna zaune suna kallon titi. Wato direban nan an raba masa kujeru biyu, sannan fasinjan da zai cika rabin ma ya tafi garinsu. Wannan bayan ya yi kusan wata biyu da rabi, tun 26 ga Maris, yana zaune a gida, azumi ya zo ya wuce, salla ta zo ta wuce, ba ko sisi da ke shigowa.

To me kuke tsammani zai faru? Abin da ya faru a motarmu ke nan. Muna wuce inda jami'ai suke tsayawa, direba ya fara tsayawa yana ɗiba. Layin mutum biyu ya koma uku. Ba wanda ya ce uffan, domin waɗanda aka ɗauka sun daɗe a rana suna jira, kuma su kuɗin da suka biya bai kai namu ba. Takunkumi ya fara sauka zuwa haɓa. Wani saurayi a baya ya ce ai cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, ba ruwanta da mai shan rana. Wata dattijuwa ta juya ta ce masa, “Yaro, ciwo ba ya tambayar aljihu, mayar da abinka.” Ya mayar. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ya nuna mini cewa mutanen cikin bas ba jahilai ba ne. Sun san akwai haɗari. Auna shi suke da wani haɗarin da ya fi kusa da su, wato kwana da yunwa.

Dawowata ce ta fi tayar mini da hankali. Hadari ya haɗo bayan la'asar, ruwa ya sauko, ga kowa na sauri ya isa gida saboda dokar hana fitar dare. Motoci suka yi ƙaranci. Wadda ta tsaya, a guje aka afka mata, huɗu-huɗu har da mai tsugune a bakin ƙofa. Saboda feshin ruwa aka ja tagogi aka rufe ruf. Gilashi ya yi gumi da numfashinmu, wani yana tari a baya, ni kuma ina tuna cewa yanzun nan na baro tsohuwa mai hawan jini, gobe ma wani daga gidanmu zai je ya gaishe ta. Na roƙi na kusa da taga ya ɗan buɗe ko kaɗan ne, ya buɗe, muka jiƙe a kafaɗa. Duk tazarar da aka bayar da safe, duk kuɗin da aka ninka mana dominta, wannan tafiya ɗaya ta shafe su.

Ba ina wanke direbobi tas ba ne. Akwai waɗanda suke karɓar kuɗin tazara kuma su cika mota maƙil, wannan zalunci ne, cin haram ne, kuma ƙungiyarsu ta fi kowa sanin su. Amma kamu da tara a kotun tafi-da-gidanka ba za su gyara lissafin da bai fita ba. Direban da aka ci tara yau, gobe sai ya ƙara loda mutane don ya mayar da abin da ya rasa.

Da an so a taimaka a lokacin, hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. A dakatar da tikitin da ake karɓa a tasha har zuwa lokacin da za a ɗage dokar rabin lodi. A zauna da masu motoci da shugabannin ƙungiyar direbobi a daidaita balas, tunda mota rabin aiki take yi. Manyan motocin makarantu da na ma'aikatu da suke ajiye tun Maris, a fito da su safe da yamma a hanyar Samaru da ta birni, ko don ranakun ruwa. Telolinmu na Tudun Wada da Sabon Gari suna ɗinka takunkumi mai kyau da araha, a saya a hannunsu a raba a bakin mota, a ajiye ruwa da sabulu a kowace tasha. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 don rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, amma ta intanet ake nema. Direban da na zauna kusa da shi ƙaramar waya ce a hannunsa, ta kira kawai. Me ya hana a kai teburin cike takardun nan cikin tasha, inda mutanen suke?

Roƙona kuma ga 'yan'uwana fasinjoji a lokacin shi ne: takunkumin nan a kan hanci yake aiki, ba a haɓa ba. A bar taga a buɗe ko ana yayyafi. Wanda yake zazzaɓi da tari ya haƙura da fita, in da hali. Mai ɗan sauƙi a aljihu, in ya ga tsohuwa tana ƙirga canji a bakin mota, ya yi saurin cika mata kafin direba ya ja.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne gaba. Ko ba daɗe ko ba jima za a buɗe makarantu, a janye yajin aiki, dubban ɗalibai su dawo Samaru da Kongo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, kuma waɗannan motocin ne dai za su kwashe su daga Kwangila. In a lokacin da gari yake rabin kowa an kasa riƙe mutum biyu a kujera har yamma, na so masu ruwa da tsaki a ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su gaya mana tun da wuri motoci nawa suka tanada don wannan rana, kuma wa zai biya.