Gado kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba

Wani labari da na karanta ya ce bambancin ƙwayoyin gado a na'urorin da garkuwar jiki ke gane ƙwayar cuta da su ne ke sa nimoniya ta kayar da wani, wani kuma ya tashi. Na yarda, domin yaron da aka haifa da tawayar IRAK-4, wani furotin da ke isar da saƙon irin waɗannan na'urori da ake kira TLR, ƙwayar nimokokas mai haddasa nimoniya takan yi masa mummunan kamu. Amma wannan tawaya ba kasafai ake samunta ba. Gadon da muke gani kullum a zangon Kumasi sikila ce, tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, saifar kuwa ita ke tace wannan ƙwaya daga jini. Ga duk mai cewa "jini ne, ba yadda za a yi", wallahi akwai. Tun 2012 Gana ke yi wa jarirai rigakafin nimokokas, ana kuma ba masu sikila fenisilin. Yara nawa a unguwar Aboabo ta Kumasi ake kaiwa asibiti tun ranar da numfashinsu ya fara sauri, kafin haƙarƙari ya fara lotsawa?