Matasan Jos, Mu Daina Cin Uwar Kuɗi

'Yan uwana matasa, ku leƙa Farin Gada bayan sallar asuba. Motoci na sauke kabeji da karas da tumatir, ga buhunan dankalin turawa daga Bokkos da Mangu. A kan buhu ɗaya manomi ya ci, direba ya ci, ɗan dako ya ci, dillali ya karɓi la'adarsa, mai shayin da ke gefe ma ya yi ciniki. Binciken SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun kusa miliyan 40 a Najeriya, kuma su ne ke riƙe da mafi yawan masu aiki. To me ya sa mai digiri a cikinmu ke jin kunyar a gan shi a bakin tebur?

Da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, iyayenmu ba su naɗe hannu ba. Sun baza kaya a bakin titi, da wannan cinikin aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Ƙarfin ƙaramar sana'a ke nan, jari kaɗan ya isa ta sake miƙewa.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke karya ta da hannunmu. Mai ƙaramar sana'a shi ne mai saro kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne akawu, kuma aljihu ɗaya ne da na cefane. Wani abokina ya buɗe shagon POS, ciniki na tafiya. Bikin aboki ya zo ya zari na anko, sabuwar waya ta fito ya zara. Kafin shekara ta zagayo ya ja ƙofa, yana cewa sammu aka yi masa. Wallahi babu sammu, uwar kuɗi ya cinye yana zaton riba ce.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafi ya ƙara wuya. Ka sayar da kaya kana murna, ka koma sari ka tarar kuɗin ba za su ciko abin da ka fitar ba. Don haka ka riƙa sa farashi da kuɗin sarin gobe. Ka sayi littafi, duk abin da ya shiga ko ya fita ka rubuta, ko na ruwan leda ne. Ka yanka wa kanka albashi, ka ware asusun sana'a daban.

Sai bashi. "Rubuta mini, zan turo maka anjima" ta rufe shaguna da yawa a Gangare da Unguwar Rogo. Taimakon ɗan uwa lada ne, ka yi shi daga albashinka. In aboki ya zo karɓar kaya bashi alhali na baya na nan a littafi, buɗe masa shafin ya gani, ka ce ya fara kawo wancan.