'Yar riƙon da ta zama Marilyn Monroe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ga ana ta yawo da hoton wata rigar shahararriyar 'yar fim ɗin Amurka Marilyn Monroe, wadda ta sa a 1962 ranar da ta yi wa shugaban Amurka Kennedy waƙa a New York, rigar da aka yi gwanjonta a 2016 kan dala miliyan 4.8, kowa sai maganar kuɗin yake, ni kuwa wallahi yarinyar da ke cikin rigar ce ta tsaya min a rai.

Sunanta na yanka Norma Jeane, an haife ta a Los Angeles a 1926. Ba ta tashi da uba ba, uwar kuma ciwon taɓin hankali ya sa aka kwantar da ita asibiti tun yarinyar ba ta kai goma ba. Daga nan fa sai gida-gida, yau a hannun wannan gobe a hannun wancan, har gidan marayu ta zauna, kuma ita da bakinta ta faɗi cewa an ci zarafinta tana ƙarama a gidan riƙo. A 1942 masu riƙonta za su tashi zuwa wata jiha ba za su tafi da ita ba, to don kar a mayar da ita gidan marayu sai aka aurar da ita ga ɗan maƙwabta, shekararta 16. Ku duba fa, aure ne na rashin wurin kwana.

Sauran labarin kowa ya sani, daga ma'aikatar kayan yaƙi mai hoto ya gan ta, kamfanin fim na Fox ya ɗauke ta a 1946, aka canja mata suna aka rina gashi, duniya ta ɗauka. Aure uku ta yi duk suka mutu, ta so haihuwa ciki na zubewa, barci ma sai da ƙwaya. A watan Agusta 1962 aka tsinci gawarta a ɗakinta, magungunan barci sun yi mata yawa, tana da shekara 36. Hisabinta yana wurin Allah, ba nawa ba ne ba naku ba.

Abin da nake so mu ji shi ne, tafin miliyoyin mutane bai cike ramin da aka haƙa a zuciyar yarinyar nan tana 'yar shekara 8 ba. To ke Hajiya mai 'yar riƙo a gida, wadda naki ke makaranta ita tana wanke-wanke, naki su ci a kwano ita ta kankare ƙanzo, idan ta yi kuka a ce ai dama ba ta da godiya, me kike haƙawa? Kai kuma maigida da ka iya shiru, kana gani ka kau da kai wai kar a yi rigima, ai da kai ake yi.

Allah ya ce "fa ammal yatima fala taƙhar", amma maraya kada ka danne shi, kuma Annabin da aka fara faɗa wa haka, sallallahu alaihi wa sallam, shi kansa a hannun kakansa da baffansa ya tashi. Ya ce shi da mai kula da maraya kamar haka suke a Aljanna, ya ɗaga manuniya da ta tsakiya. Yau da daddare kafin a rufe ƙofa dan Allah a leƙa a ga ina yarinyar nan take kwana, da me ta rufa.