Gandun Daji 63 a Amurka, Bakwai a Najeriya: Wanne Ya Fi Wuyar Cikawa?

Akwai wani buri da ya kama mutane a nan Amurka, har wasu 'yan uwanmu da suka daɗe a ƙasar sun ɗauka: mutum ya ƙudurta sai ya taka manyan gandayen dajin ƙasar guda 63 kafin ƙarfi ya ƙare. Tun 1986 ake sayar da wani ɗan littafi mai kama da fasfo, duk gandun da ka shiga sai ka buga hatimi mai sunan wurin da kwanan wata. Ban ga laifin burin ba. Ƙirgen ne nake wa kallon hadarin kaji, domin lambar 63 tana sa mutum ya ɗauka duk ɗaya suke.

Farkon tafiyar da daɗi. Jihar Utah kaɗai tana da biyar: Zion, Bryce Canyon, Capitol Reef, Canyonlands da Arches, kuma mai mota zai iya haɗa su a mako guda. Kalifoniya tana da tara. Kuɗin shiga manyan, irin su Yellowstone da Grand Canyon, dala 35 ne ga mota ɗaya na kwana bakwai, katin shekara kuwa dala 80 ga mazaunin ƙasar, da shi da duk wanda ke cikin motarsa. Kenan a gandu na uku kuɗinka ya fito. Sai dai katin bai shafi wurin kwana ba, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Filayen kafa tanti da yawa ana buɗe rajistarsu a shafin intanet na Recreation.gov wata shida kafin ranar, na wuraren da ake rububi kuma kan ƙare tun da safiyar. Wanda ya tuna a watan Mayu yana son Yuli, otal mai tsada a nesa da ƙofa ne rabonsa.

Lokaci ma yana kayar da mutane. Hanyar da ta ratsa tsaunukan Glacier ba ta cika buɗewa gaba ɗaya ba sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, saboda ƙanƙara. Isle Royale a rufe yake daga Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu. Death Valley kuwa, inda zafi ya kai digiri 56.7 a 1913, ko ɗan Sakkwato ya bari sai hunturu. Ga dokokin dawa: a Yellowstone yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, yadi 25 tsakaninka da ɓauna. A Yosemite ba a barin abinci a mota da dare. Akwai akwatin ƙarfe a gefen kowane tanti, a ciki za ka kulle guzurinka har da sabulu da man goge baki, don beyar na bin ƙamshi ya ɓalle ƙofar mota.

Daga wajen na hamsin lissafi ke canzawa. Alaska tana da takwas, kuma Gates of the Arctic da Kobuk Valley ko hanyar mota babu, yawanci sai ƙaramin jirgin sama, in hazo ya sauka ka zauna jira. Dry Tortugas yana mil 70 cikin teku daga garin Key West na jihar Florida. Akwai ɗaya can a Samoa ta Amurka, tsakiyar tekun Fasifik. Goman ƙarshe na iya cin abin da hamsin ɗin farko ba su ci ba.

Yanzu mu leƙa gida. Jerin da aka daɗe da sani a Najeriya bakwai ne: Tafkin Kainji, Kamuku, Gashaka-Gumti, Yankin Tafkin Cadi, Tsohuwar Oyo, Okomu da Kuros Riba. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin goma, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Mutane da yawa suna mamaki in aka ce Yankari ba ya cikin jerin; ya kasance na tarayya daga 1991, aka mayar wa jihar Bauchi a 2006.

Bakwai a takarda wasa ne, amma a ganina sun fi 63 ɗin wuyar cikawa a yau. A Amurka kuɗi da kalanda ne ke tare mutum. A gida damina ce, da hanya, da tsaro. Kamuku yana dajin Birnin Gwari, kowa ya san halin da aka shiga a can. Yankin Tafkin Cadi yana Borno da Yobe. Gandun W da Nijar ta haɗa da Benin da Burkina Faso shi ma ba wurin da za a tura iyali ba ne yanzu. Ba jarumta ba ce a je don cika lamba.

Don haka ni dai shawarata, nan da can, a daina ƙirga ƙofofi, a ƙirga kwanaki: gandun da ba ka kwana cikinsa ka ga asubarsa ba, kada ka sa shi a lissafi. Dabba da sassafe da yamma take fitowa, mai zuwa da azahar ya buga hatimi ya juya bishiyoyi kawai ya gani. Mai zuwa hutu gida ya ɗauki ɗaya a shekara, ya daidaita da rani. Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowanne girma, ana shigarsa ta Serti a Taraba, kuma sai da mota mai ƙarfi da jami'in gandun a matsayin ɗan rakiya. Can ne tsaunin Chappal Waddi yake, mafi tsawo a ƙasar. Yankari kuma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka dawo bakin kogin Gaji. A fita da motar farko ta safe, a dawo a faɗa ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina.