Ɗigon foliyo da maganar amana

Duk wanda ya zauna a Kano ya san matan nan masu hijabi da ƴar kula ta ƙanƙara, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa mai tawada a ƙaramin yatsa, su rubuta lamba da alli a bango su wuce gida na gaba. Kuma ya san tambayar da maigida ke yi musu a zaure: maganin maleriya sai na saya, farasitamol ma sai na saya, to wannan me ya sa kyauta har gida?

Ni dai ban yarda a kira wannan tambaya jahilci ba. Masana zamantakewa irin su Robert Merton tun 1942 suke nuna cewa kimiyya aikin jama'a ce mai ƙa'idoji, ciki har da bayyana sakamako a fili da barin kowa ya bincika. To in masu abun suka karya ƙa'idar fa?

A 1996 ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Shekara bakwai kacal bayan gwajin, a 2003, aka ce mutanen nan su buɗe bakin ƴaƴansu ba tambaya. Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani gudu zai yi.

Ɗigon foliyo lafiyarsa ƙalau, wannan ba na shakka, kuma dakatar da shi da gwamnatin Kano ta yi a 2003 ya jawo asara babba, yara sun nakasa, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amma duba yadda aka dawo a 2004, sai da aka kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, jama'a suka ɗan saki jiki, daga baya sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gida-gida, da su aka kai ga 2020 da aka ce Afirka ta rabu da foliyon daji, wato asalin ƙwayar cutar shan inna.

Shi ya sa nake jin takaici in likita ya hau rediyo yana faɗa da mutane kan rigakafi. Malam, fara amsa tambayar zauren nan tukuna, ka gaya wa maigida wa ya biya kuɗin, ina aka yi maganin, wa zai kama in wani abu ya samu ɗansa.