Bauca kaɗai ba ta sa yaro ya iya karatu

Ina yawan jin mutane suna cewa wai in gwamnati ta ba iyaye bauca, wato takardar tallafin kuɗin makaranta, su kai yaro duk makarantar kuɗin da suka ga dama, to shikenan makinsa zai tashi. Gaskiya abin ba haka yake ba, kuma yana damuna don rayuwar yara ake magana.

Milton Friedman, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, shi ne ya kawo shawarar tun 1955, a Amurka kuma birnin Milwaukee ya fara gwadawa a 1990. To amma ku duba jihar Luwiziyana, da aka faɗaɗa shirin a 2012 aka bi sawun yaran da suka ci ƙuri'ar da aka jefa don raba baucan suka koma makarantun kuɗi, sai aka ga makinsu na lissafi ya faɗi sosai fiye da na waɗanda suka zauna a makarantun gwamnati, kuma ana ganin wani ɓangare na dalilin shi ne da yawa cikin makarantun da suka karɓi baucan dama ɗalibai na guduwa daga cikinsu, manyan masu kyau kuma sun ƙi shiga.

Ba wai ba ta da amfani bane fa. A Washinton, babban birnin Amurka, shirin da aka fara a 2004 ya ƙara yawan masu kammala sakandare duk da makin jarabawa bai wani motsa ba.

Abin dubawa shi ne wace makaranta ce ke karɓa, wa ke sa mata ido, sannan iyaye na da bayanin da za su zaɓa da shi ko kuwa.