Rijiyar gidanmu ta ƙafe, kuma ba laifin fari ba ne shi kaɗai

Bana tun watan Fabrairu guga ya fara dawo mana da laka. Rijiyar nan kakanmu ne ya haƙa ta. Mahaifiyata ta ce ko a farin 1984 ba ta ƙafe ƙaf ba, sai dai a ƙara igiya gaba biyu, a jira asuba ruwa ya taru. Yanzu an yashe ta sau biyu, har masu yasa suka tarar da dutse suka haƙura.

Jama'a, ruwan ƙarƙashin ƙasa ajiyar damina ce. Ruwan sama ne ke nutsewa a hankali ya taru. Kano kuwa a kan dutse take zaune, ruwanmu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin da ke ƙarƙashinsa, rumbun ba shi da girma. Idan damina ta yi gardama, gona takan farfaɗo da zarar an samu ruwa baɗi, amma rijiya sai ta yi shekaru ba ta koma yadda take ba. Kuma a lokacin farin ne aka fi zuƙar ruwan.

Abin da ke ci mini rai shi ne mun toshe ƙofofin da ruwa ke shiga. Ina kududdufan cikin birni? An cike su da shara, an yanka filaye, an gina shaguna. Tsakar gida siminti, ƙofar gida siminti. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, cikin awa guda ya bi kwata ya wuce, ya ci gidajen talakawa a hanya. A layinmu kaɗai burtsatse shida ne, kowa na ƙara zurfi don ya wuce maƙwabcinsa. Wanda ba shi da hali sai jiran ɗan garuwa da kurarsa.

Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun riga mu gani: bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da ƙasarsu ta ragu.

Don Allah hukuma ta hana cike kududdufan da suka rage, ta kuma sa ido kan haƙar burtsatse. Ni dai na sa an fasa simintin gefen rijiyarmu, an zuba tsakuwa, an juyo da indararo wajen. Allah Ya ba mu damina mai albarka.